Zan je Landan, ta yaya zan shiga Emirates in kalli Arsenal da idona?

"Assalamu alaikum yaya. Ni ɗan Arsenal ne tun ina firamare, a gidan kallo na girma. Yanzu Allah ya yi min tafiya, wurin aikinmu za su tura ni kwas na sati uku a Landan cikin watan Disamba. Babban burina in shiga Emirates in ga wasa da idona. Akwai wani a Instagram da ya ce zai sayar min da tikitin babban wasa, in tura masa kuɗi tun yanzu. In tura? Ko in bari sai na je in saya a bakin ƙofa? Kuma me ya kamata in sani game da ranar wasan?"

Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. In na fahimce ka, tambayarka biyu ce, yadda za ka samu tikiti ba tare da an damfare ka ba, da kuma yadda ranar wasan take tun daga fitowa masauki har komawa. Na zauna a arewacin Landan, na sha shiga filin nan, kuma na sha raka baƙi 'yan gida da suka zo da irin burinka, toh bari in gaya maka abinda na gani.

Kafin komai, dan Allah kada ka tura wa mutumin nan ko kwabo. Haka kuma maganar saye a bakin ƙofa ka cire ta daga ranka, babu ita. Ba kamar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba ne da za ka je ranar wasan Pillars ka bi layi ka biya ka shige. A Emirates ranar wasan Firimiya ba a sayar da tikiti ga wanda ya zo wucewa, kujerun duk sun riga sun samu masu su tun makonni kafin ranar.

Me ya sa tikitin yake wahala haka

Arsenal ta baro tsohon filinta na Highbury a 2006 saboda ya yi mata kaɗan, mutum dubu 38 da 'yan kai yake ɗauka. Sabon filin da aka gina kusa da shi, wanda ya ci kusan fam miliyan 390, yana ɗaukar mutum dubu 60 da ɗari bakwai. Za ka ce ai wannan ya isa kowa, amma ka duba yadda ake rabon. Mafi yawan kujerun na masu tikitin kaka ne, wato waɗanda suka biya kuɗin wasannin shekara gaba ɗaya, wasu ma tun zamanin Highbury iyayensu ke riƙe da kujera. Sannan a wasan Firimiya ana ware wa magoya bayan baƙi kimanin kujera dubu uku. Sai ɓangaren manyan baƙi masu tsada. Ɗan abinda ya rage shi ne mambobin kulob daga ko'ina a duniya suke rububi a kai, kuma tunda ƙungiyar ta farfaɗo a hannun Arteta masu nema suka ninka.

Hanyar gaskiya ita ce ka fara zama mamba. Ka shiga shafin kulob ɗin na intanet da kanka ka yi rajistar matakin da suke kira Red, ana biyan kuɗin shekara, ba wani mai yawa ba ne in aka kwatanta da kuɗin jirgi. Amma ka sani zama mamba ba shi ne samun tikiti ba. Tun kakar 2023/24 kulob ɗin ya koma tsarin ƙuri'a, kowane wasa ana buɗe rajista makonni kafin ranar, ka sa sunanka, in ƙuri'a ta faɗo kanka a cire kuɗi daga katinka, in ba ta faɗo ba shikenan. Mutane da yawa suna shiga wasa bayan wasa ba su dace ba, kada ranka ya ɓaci in haka ta faru.

Abinda ya fi fitar da baƙina kunya shi ne kasuwar musayar tikiti ta kulob ɗin da kansa, Ticket Exchange suke ce mata. Mai tikitin kaka da ba zai samu zuwa ba yana mayar da kujerarsa can, mamba ya saya a farashin hukuma. Sai dai tana son naci, kujera za ta fito ta ɓace cikin daƙiƙa kaɗan, dole ka riƙa leƙawa safe da rana da dare, musamman kwana biyu ko uku kafin wasa da kuma safiyar ranar, lokacin ne mutane suke gane ba za su iya zuwa ba. Kujera ɗaya ta fi sauƙin samu a kan biyu a jere, tunda kai kaɗai ne wannan ya taimake ka. Ka tabbatar kana da katin banki da yake aiki a shafukan waje tun kafin lokacin, don na ga wanda kujera ta fito masa katin naira ya ƙi wucewa har ta kuɓuce.

Yanzu maganar mutumin Instagram. A Ingila sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba laifi ne a doka tun 1994. Bayan haka tikitin yanzu ba takarda ba ce, yana cikin wayar mamba ne, ana kara wayar a jikin na'urar ƙofa ta buɗe. Hoton tikiti da wani zai turo maka ta WhatsApp ba ya buɗe komai. Ko da mutumin ba ɓarawo ba ne, ɗan cuwa-cuwa ne mai tikiti na gaske, kulob ɗin yana bibiyar irinsu yana rufe dubban asusu, za ka iya isa bakin ƙofa a ce an soke tikitin, kuma ba wanda za ka kai wa ƙara tunda kai ma ta bayan gida ka bi. Na taɓa tsayawa da wani bawan Allah a bakin ƙofa, ya biya kuɗi masu yawa, na'ura tana nuna ja, ana ihu a ciki shi yana waje, wallahi har yanzu ina tuna fuskarsa. Shafukan sayar da tikiti da za ka gani a saman Google su ma yawancinsu ba su da alaƙa da kulob, duk kyan da shafin zai yi.

In aljihunka da nauyi akwai tikitin manyan baƙi da ake haɗawa da abinci, wanda kulob yake sayarwa da kansa ko ta dillalan da ya amince da su, sunayensu suna shafinsa. Wannan tabbas ne, amma ɗaruruwan fam ake magana, a babban wasa ma ya wuce haka nesa. Farashi yana canzawa kowace kaka shi ya sa ban kawo maka lamba ba, ka duba can ka gani da idonka.

Shawarata wadda na fi so ka riƙe ita ce ka sauke burin babban wasa. Wasannin an kasa su rukuni-rukuni, na Tottenham da Chelsea da Manchester United da Liverpool da Man City su ne mafi tsada kuma mafi wuyar samu. Ka nemi wasa da ƙaramar ƙungiya, ko na kofin Carabao in ya faɗo a gida lokacin da kake can, shi ya fi sauƙi da araha. Mutumin da bai taɓa shiga ba, ko da wa ake bugawa abin zai cika masa ido. Kuma kada ka raina wasan ƙungiyar mata ta Arsenal, suna buga wasanninsu a Emirates, a Fabrairun 2024 mutum sama da dubu 60 ne suka kalli wasansu da Manchester United, tikitinsu kuma ana samu ba tare da wannan wahalar ba. In duk ba a dace ba akwai zagayen filin da ake yi ranakun da babu wasa, ka biya ka shiga ɗakin canza kaya, ka bi ta hanyar da 'yan wasa ke fitowa, ka zauna a bencin koci, ka leƙa gidan tarihi.

Wani abu da yake rikita baƙi, ranar da ka gani a jadawali tun farkon kaka ba lallai ta tsaya ba. Gidajen talabijin suna matsar da wasa daga Asabar zuwa Lahadi ko Litinin da dare, sai 'yan makonni kafin lokacin ake tabbatarwa. Kada ka tsara komawarka gida a kan jadawalin farko. Kuma ga abin mamaki ga wanda ya saba da gidan kallo, wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar ba a nuna su kai tsaye a talabijin ɗin Ingila, doka ce ta hukumar ƙwallonsu don mutane su riƙa zuwa filaye. Wasan da ake kallo a Kano ko Zinder a lokacin, kai da kake Landan in ba ka cikin fili ba za ka gan shi ba.

Ranar wasan

Kada ka ɗauki tasi, titunan da ke kewaye da filin ana rufe su kuma kuɗin zai ba ka tsoro. Jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka shiga, layin Piccadilly, ka sauka a tashar da sunanta ma Arsenal, tafiyar minti kaɗan ce zuwa filin. Finsbury Park da Highbury & Islington su ma suna kusa, kamar minti goma zuwa sha biyar a ƙafa. Tashar Holloway Road tana kusa a taswira amma ana taƙaita aiki da ita ranar wasa, kada ka dogara da ita. Ba za ka ɓata ba, jajayen riguna kawai za ka bi.

Ka isa unguwar aƙalla awa biyu kafin a take wasa, ba don layi kawai ba, akwai abin gani. In ka sauka a tashar Arsenal ka ɗan ratsa ta titin Avenell ka ga fuskar tsohon Highbury, an mayar da wurin gidajen kwana amma an bar ginin gabas yadda yake. A nan Kanu ya yi wasa daga 1999 zuwa 2004, a nan aka ɗaga kofin kakar 2003/04 da ba a ci su ko wasa ɗaya a Firimiya ba. Da yawa daga cikin 'yan Arsenal na ƙasarmu ta dalilin Kanu suka shigo, ni ina ganin bai kamata mutum ya zo har nan bai tsaya a wurin ba. A kewayen sabon filin kuma akwai mutum-mutumin Thierry Henry da Tony Adams da Herbert Chapman da Dennis Bergkamp, da na Arsène Wenger da aka kafa a 2023.

Jaka kada ta wuce girman takardar A4, in da hali ma kada ka ɗauko, za a caje ka a ƙofa. Cikin filin ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko waya. Ka cika cajin wayarka tunda ita ce tikitinka, sanyi kuma yana shanye batir da sauri. A jikin tikitin akwai harafin ƙofar da za ka shiga da lambar ɓangare da layi da kujera, in ka rikice ka tambayi ma'aikatan nan masu riga mai ƙyalli, aikinsu kenan kuma suna da kirki. Abu mafi muhimmanci, in ka shiga ka fita ba komawa.

Wannan ya kawo mu maganar sallah, wadda ba kowa zai gaya maka ba. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, la'asar kuma tana shiga tun wajen ɗaya da rabi zuwa biyu. Kenan wasan ƙarfe uku, magariba za ta same ka a ciki daidai hutun rabin lokaci. Abinda nake yi shi ne in sauka a Finsbury Park, akwai babban masallaci a titin St Thomas's kusa da tashar, in yi alwala in yi sallah a can sannan in taka zuwa filin, hanya ce miƙaƙƙiya. Game da magariba, ka tambayi ma'aikatan tun shigarka inda za ka iya tsayawa ka yi sallah, filayen Ingila da yawa yanzu sun ware ɗakin ibada, ko kuma ka koma masallacin da zarar an tashi. Hukuncin haɗa salloli ga matafiyi da yawan kwanakin da yake ɗauka ba fannina ba ne, ka tambayi malaminka tun kana gida ka tafi da amsarka. Abinci ma a wannan unguwar za ka ci, titin Blackstock cike yake da shagunan 'yan Aljeriya da sauran masu sayar da halal. Na cikin fili ga tsada, kuma ba kowane nama za ka ci hankali kwance ba, shayi da dankali sun ishe ka.

Sanyi kuma, ƙanina, kada ka yi wasa da shi. Hunturun gida daban, wannan daban, da dare yakan sauka digiri uku ko huɗu ga iska ga yayyafi, kuma zama za ka yi awa biyu a wuri ɗaya ƙafarka a kan siminti. Ka sa kaya hawa-hawa, safa mai kauri, safar hannu, hular sanyi, jesin ka ɗora ta a kan suwaita. Rufin filin ya rufe kujeru amma tsakiya a buɗe take, in kana layukan gaba na ƙasa ruwa zai iya taɓa ka.

A cikin fili

Abu na farko da zai ba ka mamaki babu mai sharhi. Ba wanda zai gaya maka wa ya taɓa ƙwallo, ba maimaici a hankali kowane minti, in aka je duba VAR kai da ke ciki sau da yawa ka fi na gidan kallo shiga duhu, allo zai nuna ana dubawa ne ku yi ta jira. Amma abinda za ka samu a madadin haka ya fi. Za ka ga fili gaba ɗaya lokaci guda, yadda 'yan baya ke matsowa tare kamar an ɗaure su da igiya, yadda ɗan wasa yake gudu ba ƙwallo don ya buɗe wa wani hanya, abubuwan da kyamara ba ta bi. Za ka ji ƙarar bugun ƙwallo, ka ga saurin da talabijin ke ragewa. Ni a nan na fahimci aikin ɗan tsakiya mai tare gida, wanda a gidan kallo ake cewa ba ya komai. Don haka ka shiga da wuri ka ga motsa jiki, kamar minti 40 kafin wasa suke fitowa, kuma ka kasance a kujerarka lokacin da filin gaba ɗaya ke rera waƙa kafin a take. Ka ɗauki hotonka da bidiyo kaɗan don 'yan gida, sannan ka mayar da wayar aljihu.

In kana da zaɓi, benen sama ya fi nuna tsarin wasa, ƙasa kuma ya fi kusa da 'yan wasa da zafin ihu. Bayan raga biyu sunansu North Bank da Clock End, sunayen da aka taho da su daga Highbury, a nan masu waƙa suka fi yawa. Magoya bayan ƙungiyar baƙi ana ajiye su a kusurwar kudu maso gabas.

Rabuwar nan ta magoya baya da gaske ake yinta. In za ka tafi da abokin kwas ɗinka ɗan Chelsea ko United, kada ya sa jesinsa, kada ya yi murna in sun ci, za a fitar da shi daga ɓangaren masu gida. Musun da muke yi a gidan kallo kowa da rigarsa a benci ɗaya ana tsokanar juna, can ba a yinsa. Dalili kuwa tarihi ne mai ɗaci. Shekarun 1970 da 1980 filayen Ingila sun yi fama da faɗan magoya baya, aka riƙa killace mutane da shingen ƙarfe, sannan a ranar 15 ga Afrilu 1989 aka yi turmutsutsu a filin Hillsborough da ke Sheffield wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, bincike ya nuna gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron ce ta jawo, ba laifin magoya bayan ba. Rahoton alƙali Taylor na 1990 shi ya sa aka cire shingayen aka koma kowa da kujerarsa a manyan filaye. Duk wannan lambar kujera da ƙirga mutane a ƙofa da kake gani daga nan ya samo asali, shi ya sa nake girmama dokokin ko da sun takura.

Dokokin da za su iya jefa baƙo cikin matsala su ne jifa cikin fili, tsallakawa cikin fili, da waƙar wariyar launin fata, dukkansu laifi ne a wata doka da aka yi a 1991, kama mutum ake yi, kai kuma da biza ka shigo kada ka ja wa kanka. Ba a shan taba a ciki. Giya ana sayarwa a barandar ciki amma doka tun 1985 ta hana shanta a inda ake ganin fili, saboda haka a kujerarka ba za a dame ka da ita ba, a hutun rabin lokaci ne baranda ke cika da masu sha. Zagi kam za ka ji, har daga bakin dattawa, ka toshe kunnenka. In wani ya yi maka maganar wariya kada ka biye masa, ka gaya wa ma'aikaci mafi kusa, suna ɗaukar abin da muhimmanci.

In an tashi kada ka yi gaggawa. Mutum dubu 60 ne za su fito lokaci ɗaya, 'yan sanda suna tsayar da mutane a layi a bakin tashar Arsenal har a ɗau lokaci. Ka zauna ka ga 'yan wasa suna zagayawa suna tafa wa jama'a, ka bari mutane su ragu, sannan ka taka zuwa Finsbury Park, ka yi sallarka, ka ci abinci mai zafi, kafin ka gama tasha ta yi sauƙi. In wasan dare ne ka duba lokacin jirgin ƙarshe na unguwar da ka sauka tun kafin ka fito.

Tunda tafiyarka Disamba ce, yau ɗin nan ka duba wasannin gida da suka faɗo cikin sati ukun, ka yi rajistar mamba, ka rubuta ranakun da za a buɗe ƙuri'ar kowanne, don wasu za a rufe su tun kana gida kana jiran biza. Allah ya sa ka dace.